Gonar Yunwa ta Mino

A La Riera, idan giyar tuffa ta nuna a cikin ganga, maigida yakan saro reshen itacen lorel ya rataya a ƙofar ɗakin matsar tuffa. Ba a aika wa kowa. Wanda ya biyo hanya ya ga reshe, ya san an ce masa shigo ke nan. A huda ganga, giya ta tsarto, a tara tambulan guda ɗaya tak, shi zai zagaya kowa. In ka sha, sai ka rage ɗan kaɗan ka watsar ta inda leɓenka ya taɓa, sannan ka miƙa wa na kusa da kai. Shi ya sa da daɓen ɗaki ake gane mutum. In jiƙaƙƙe ne yana tsami, to maigidan yana da jama'a.

Lokacin da nake budurwa gida goma sha tara ne a garin nan, sha takwas suna rataya reshe. Na sha tara shi ne gidan su Belarmino, wanda kowa ke ce wa Mino. Daɓen ɗakinsa a bushe yake, kana iya shanya wake a kai. Kuma giyarsa ta fi ta kowa daɗi, abin haushin ke nan.

Ni Honorina, gidana ne ke kallon nasa, ƙorama ce kawai a tsakaninmu. Sa'ana ne, wata huɗu na ba shi. Na san tarinsa na safe, na san ranar da yake wanke rigarsa, don haka in na ba da labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba.

Abin daga ubansa ya faro. Ceferino ya tsere zuwa Faransa a jirgin masunta shekarar da yaƙin basasa ya ci kwarin nan, ya yi shekara tara yana ƙwadago a gonar wani mutum can arewa, a Normandi. Da ya dawo, ya tarar an rabe gonakinsa, an bar masa gangaren da ba mai so. Bai dawo da kuɗi ba, bai dawo da haƙoran gaba ba, magana ma a can ya baro ta. Abu ɗaya ya zo da shi: ya iya yin giya mai zaƙi. Tamu ta nan kowa ya san ta, tsami gare ta, sai an ɗaga kwalba sama da kai an zubo ta kafin ta farka. Ta Ceferino kuwa garau take, kana hango yatsanka ta cikin tambulan, da wani zaƙi-zaƙi wanda ba na sukari ba, kuma da kanta take tashi. Masu gidajen abinci na Oviedo har nan suke hawowa neman ta. Ba a ɗaura aure ko a yi wa jariri baftisma a kwarin nan babu kwalbarsa a kan tebur.

'Ya'yansa biyu ne maza, Mino da ƙaninsa Colás. Babban ya zaɓa. Da ya ji jiki ya ƙi, sai ya kira Mino shi kaɗai, lokacin yana ɗan shekara ashirin, ya sa shi ya dafa gicciyen da ke rataye a kan gado. Ya rantsar da shi ba zai faɗa wa kowa yadda ake yin ta ba sai ɗan cikinsa, ko ƙaninsa ba a yarda ba. Ya ce gona ana ƙwacewa, saniya ana korawa, abin da ke cikin kai ne kaɗai soja ba ya iya ɗauka. Ban ga laifin tsohon ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Sai dai ya manta da abu guda. Kafin a sami ɗa sai an sami mace, mace kuwa ba ta auren rufaffiyar ƙofa.

Na sani, domin ni ce macen.

A nan matsar tuffa aikin gayya ne. Yau a gidanka, gobe a nawa. Maza na daka suna matsa, mata na tsince ruɓaɓɓu, a ci wake da naman alade, a yi gulmar wanda bai zo ba. Mino ba ya kiran gayya, tunda kuma ba ya kira, kunya ta hana shi zuwa ta wasu. Shi kaɗai yake dakansa, shi kaɗai yake murɗa itacen matsa, ƙofa a sakale. Shekarar da yake nemana, uwata ta ba ni kwandon abinci in kai masa. Na ƙwanƙwasa. Ya buɗe daidai faɗin kwandon, ya karɓa, ya tokare ƙofar kamar ɗan sanda.

Na ce, “Mino, mace ka ɓoye a ciki ne?”

Ya ce, “Da mace ce ai da na nuna miki.”

“To in mun yi aure fa? Nan ma a waje zan riƙa tsayawa da kwando?”

Ya kalli takalminsa na katako. Can ya ce, “Ɗanmu zai shiga.”

Na ce, “To ka je ganga ta haifa maka.”

Kafin tuffa ta sake nuna na auri Fermín, Allah ya jiƙansa, wanda giyarsa ko alade ya sha sai ya yamutsa fuska, amma ba a rasa mutum goma a ɗakinsa. Mino bai ƙara neman kowa ba.

Sai kuma maganar gona. Kowa a nan a ƙarƙashin itatuwan tuffa shanunsa suke kiwo, saniya ta ci ciyawa, ta bar wa itace taki, ba wanda ya cuci wani. Mino shi sai ya kewaye gangarensa da shingen waya, ko akuya ba ta shiga. Ba ya zuba taki ko cikin cokali. Ciyawar ma da lauje yake yanke ta, ya kwashe ya fitar waje. Itatuwan duk sun rame, ganye ya yi rawaya-rawaya, 'ya'yan ƙanana kamar ƙwan fari. Muka sa mata suna gonar yunwa. Muka ce rowarsa ta kai har itace yake yi wa.

Colás shi ya gaji shanun gidan da 'yar fadamar da ke ƙasa. Wata shekara aka yi fari, ciyawa ta ƙone ko'ina, sai gonar yunwa da ke inuwar dutse ce ta rage da ɗan kore. Colás ya roƙi wansa ya bar shanun su shiga ko na sati biyu ne. Mino ya ce a'a, amma zai riƙa yanko masa da lauje. Colás ya ce laujen mutum ɗaya zai ciyar da saniya bakwai? Ko kuturta gare su da ba za su taka ƙasar ubansa ba? Mino ya ce shi dai a'a ya sani, ba shi da wani dalili da zai bayar.

Ran kasuwar Nava, Mino ya sauka sayen abin toshe kwalabe, Colás ya buɗe shinge ya kora shanunsa ciki. Ina kan gada da tulin wanki lokacin da Mino ya dawo, na ga abin da idona. Ya ɗauki doguwar sandar kaɗe tuffa ya bi su da duka, yana ihu kamar wanda aka kashe wa uwa. Wata mai ciki ta zame a gangaren ta karye, dole aka yanka ta. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko shebur da baro ya bi gonar yana kwashe kashin shanun ɗaya bayan ɗaya, har ƙasar da ke ƙarƙashi yake kankarewa, ya tura baron ya kai ƙofar ƙaninsa ya juye.

Daga ranar nan ba su ƙara magana ba. Shekara ashirin da shida. Da Colás ya mutu, Mino ya zo coci ya tsaya can baya kusa da ƙofa, matar mamacin, Delfina, ta wuce shi kamar ta wuce turke.

Gari kuma ya yi ta zubewa kamar haƙoran tsoho. Yara suka tafi Gijón, suka tafi Madrid, nawa biyu suna Jamus. Manyan kuwa muka yi ta raka su maƙabartar bayan coci. Har ya zama in ka tsaya kan gada da safe hayaƙi uku za ka ƙirga: nawa, na Delfina, na Mino. Shi kunne ya tafi, hannu ya fara rawa. Nakan hango shi da la'asar a bakin ƙofa yana zuba wa kansa giya, ya shanye tas, ko ɗigo ba ya watsarwa. Don wa zai watsar? Ba mai sha bayansa. Shekara saba'in da bakwai, ba ɗa ba jika, rantsuwa tana nan daram. Duk mai ido ya san abin da Ceferino ya ɗauko daga Faransa rami ɗaya za su shiga da Mino.

Bara waccan, cikin Janairu, sai ga shi ya tsallako gada, abin da na manta rabon da ya yi.

Ya ce, “Nori.”

Na ce, “Wa ya mutu?”

“Me?”

Na ɗaga murya. “Na ce wa ya mutu!”

“Ba wanda ya mutu. Sata aka yi mini.”

Ashe mai gidan abincin da ke saye a wurinsa ne ya gaya masa wani mutumin Villaviciosa ya kawo masa giya, in ka rufe ido sai ka rantse ta Mino ce. Ya kuma gaya masa za a yi taron masu giyar tuffa na duniya a Gijón, mutumin ma yana can.

Ya ce, “Ina so in ga idon ɓarawon. Amma ba na ji. Ke kuwa tun kina yarinya in allura ta faɗi a Nava sai kin ji, har ki faɗi wadda ta yar.”

“Wato bayan shekara hamsin da biyar, abin da ka tuna ina da shi kunne ne.”

“Baki ma akwai. Shi dai ki bar shi a gida.”

Muka hau motar safe. Ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar ubansa, sai warin kafur take yi. Wani ƙaton zaure ne a bakin teku, mutum ya fi ɗari uku, Ingilawa, Faransawa, Amurkawa masu gemu da zane a dantse, da namu na nan da maƙwabtanmu Baskawa. A ƙofa aka manna mana takarda a ƙirji aka ce sunayenmu ne, na yarda tunda ba ni da abin musu. Aka ba mu wani abu na sawa a kunne, da wata yarinya a ciki tana juya duk abin da baƙi suka faɗa zuwa harshenmu. Mino ya sa nasa, ya ce ƙudan zuma kawai yake ji, ya cire. Ni na sa nawa, na kafa bakina a kunnensa na hagu, mai ɗan sauran rai.

Wani Baturen Ingila mai jan gemu ne ya fara. Ya haska hoton ganga a bango, ya yi magana, zaure ya kwashe da dariya.

“Me ya ce?”

“Ya ce giyarsa ta shekara guda ce ta lalace, domin bai cika gangar har baki ba, iska ta shiga.”

“A gaban mutane yake faɗa?”

“Har da hoto.”

“Ba shi da 'yan'uwa ne da za su hana shi?”

Haka aka yi ta yi. Wannan ya tashi ya faɗi irin itatuwan da yake aurarwa, wancan ya faɗi awon da yake gauraya mai ɗaci da mai tsami, wani ya miƙe daga baya ya ce a'a, ni na gwada haka ban ji daɗi ba, ga yadda nake yi. Ba mai rufe baki da hannu. Mino sai juya hularsa yake yi a kan gwiwa, yana cewa ƙarya suke yi wa juna, ba mai hankalin da zai faɗi ta gaskiyar.

Da aka tashi shan iska muka sami ɓarawon. Xurde sunansa, wani mai sanƙo ɗan shekara arba'in da wani abu, yana bayan tebur yana zuba wa mutane. Mino ya karɓa, ya ɗaga tambulan ya duba ta haske, ya kurɓa.

Ya ce, “A ina ka samo?”

Xurde ya ce, “Wajen Solange, Baba, a irin wannan taron. Ga ta can, ita za ta yi magana yanzu. Karɓi wannan takarda, duk na rubuta yadda ake yi, har da adireshinta a ƙasa. In ka gwada bai yi ba ka kira ni in zo.”

Na maimaita masa a kunne kalma bayan kalma. Ya karɓi takardar kamar an miƙa masa garwashi.

Solange ɗin doguwa ce, 'yar Normandi, hannuwanta irin namu, duk sun faffashe. Ta hau, ta fara, ni kuma na fara zubawa a kunnen Mino.

“Ta ce in ka daka tuffa kada ka matse nan take, ka bar dakakken ya kwana.”

Ya daina juya hularsa.

“Ta ce ka zuba ɗan gishiri da ɗan alli a cikin ruwan.”

Na ji gwiwarsa ta bugi tawa.

“Ta ce ka ajiye gangar inda ya fi sanyi, ka jira. Bayan kwana bakwai ko goma wata hula mai launin ƙasa za ta taso sama, laka ta kwanta ƙasa, sai ka zura tiyo a tsakiya ka janye garau ɗin.”

Sai ga hoton hular a bango, faɗin ƙofar coci. Na gane ta. Mu masu wanki a ƙorama mun sha ganin wannan kumfa mai kama da hanta tana wucewa ta gabanmu duk watan Disamba, muka ɗauka ganga Mino yake wankewa. Na juya in faɗa masa abu na gaba, sai na ga leɓensa yana motsi. Ya riga ni. Kafin yarinyar cikin kunnena ta juya, shi ya faɗa a hankali, daidai wa daida. Mutum ɗari uku suna rubutawa, wasu na ɗaukar hoto da waya, wani a gabanmu hamma ma yake yi.

Ya ce, “Nawa suka biya ta?”

“Ban ji an ambaci biya ba. Ta ce kakarta ce ta koya mata. Ta ce a ƙauyensu kowace tsohuwa ta sani.”

Da na san yadda fuskarsa za ta koma, da na rage wannan na ƙarshen. Abin da ya hana shi mata, ya hana shi ƙani, ga shi ana yayyafa wa kowa kamar ruwan coci.

Sai ta canja hoto. Gonarta ce, kore shar, itatuwa sun yi ɓul-ɓul, ga shanu masu ƙiba suna kiwo a ƙarƙashi. Ta ce amma ita ma ba kullum take dacewa ba. Bara cikin ganga ashirin, tara hular ba ta taso ba, ruwan ya tafasa da wuri ya cinye zaƙin. Ta canja gishiri, ta canja ganga, ba ta gane ba. In akwai wanda ya sani a ɗakin nan, don Allah ya taimake ta.

Mino ya ƙura wa hoton ido. Ta tsakanin haƙora na ji ya ce, “Shanu.”

Sai a lokacin gonar yunwa ta faɗo mini a rai, da shebur, da baro, da saniyar da aka yanka.

Na ce, “Ɗaga hannu.”

Hannun ya tashi daga gwiwa kamar taƙi ɗaya, ya tsaya. Wani ya ce wataƙila zafi ne, wani ya ce wataƙila irin tuffar ne. Solange tana ta rubutawa tana godiya.

“Kai kurma, ɗaga hannu na ce! Yarinyar nan roƙo take yi.”

“Na dafa gicciye, Nori.”

“Gicciyen ma tsatsa ta cinye shi.”

Hannun ya koma kan gwiwa. Aka tafa mata, aka tashi cin abinci. Mu ba mu ci ba.

A mota sai da muka wuce Nava sannan ya yi magana, yana kallon taga. Ya ce, “Kowace tsohuwa.” Ina da amsa a bakina, mai kaifi, wadda ta shekara hamsin da biyar tana jira. Na haɗiye ta, abin da ban saba ba.

Sati bakwai ƙofarsa a rufe, hayaƙinsa siriri kamar zare. Kullum da safe sai na duba ya tashi sannan in ɗora kofi. Ranar idin San José, cikin Maris, lokacin da a da ake huda gangunan farko, na dawo daga coci sai na hango shi a kan kujera yana fama da ƙusa. Reshen lorel ne. A karkace ya rataye shi, mutumin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe ƙofar ɗakin matsa gaba ɗaya, ya zauna a dakali da tambulan a hannu, yana kallon hanya.

Mai motar burodi ya wuce ya yi masa oda. Wasu biyu masu keke, 'yan birni, suka tsaya suka ɗauki hoton reshen suka ƙara gaba. Shi ke nan. Waɗanda suka san ma'anar reshe duk suna bayan coci. Na tsaya a tagata ina kallonsa har inuwar rumbu ta kai gada, sannan na dafa ƙwai shida na ɗaure a ƙyalle, na nufi gidan Delfina.

Na ce, “Kin gani?”

Ta ce, “Idona bai mutu ba tukuna.”

“Taso mu je.”

“In je in yi me? In taya shi kwashe kashi?”

“Ki je ki ji abin da ya sa aka yanka saniyarki. Ni rabi na ji a Gijón, kuma ba zan faɗa miki ba.”

Ta zage ni, ta zagi uwata, sannan ta ɗauki mayafi.

Ranar na fara taka cikin ɗakin nan. Ban san me na zata ba. Ganga shida ne, da itacen matsa, da hular Ceferino a jikin ƙusa, da kujera guda ɗaya. Sai da ya kife mana akwatunan kwalba muka zauna. Shi bai zauna ba. Ya tsaya a gaban Delfina, ya cire hula, ya yi magana da ƙarfi irin ta kurame.

“Delfina, ba rowa ba ce. Itacen da ya ƙoshi, ruwansa ba ya haƙuri, kafin hula ta taso ya tafasa. Sai itacen da ya sha yunwa. Taki kaɗan ya shiga gonar nan, shekara biyu ko uku giyar ba za ta yi ba. Shi ya sa.”

Daga nan ya kwashe komai ya faɗa, tun daga daka har zuwa toshe kwalba, da gado, da gicciye, da abin da ubansa ya ce game da soja. Ba mu muka tambaya ba. Ni ko ganga ba ni da ita, Delfina kuwa ta sayar da itacen matsarsu tun shekarar takaba. Ya yi ta zubawa kamar wanda ake cire wa ƙaya.

Da ya gama Delfina ta ce, “Kashin shanu.”

Ya ce, “Me?”

Ta miƙe ta je kunnensa na hagu, ba sai na nuna mata ba. “Na ce kashin shanu, Yaya! Shekara ashirin da shida mijina yana zagayawa ta gadar ƙasa don kada ya bi ta ƙofarka. Ya mutu yana cewa wansa ya tsane shi bai san me ya yi masa ba. Da ka ce, Colás, taki yana ɓata mini giya, bakinka zai tsage?”

“Na rantse wa Baba.”

“Baba! Shi Colás a gindin itace aka tsince shi?”

Ya juya ya zare ɗan tsinken da ke toshe da gangar farko, giya ta tsarto. Rabi a tambulan, rabi a hannun kwat. Ya miƙa mata. Ta daɗe tana riƙe da shi, har na fara ɓare ƙwai don in sami abin yi da hannuna. Sannan ta kai baki.

Ta ce, “Ita ce. Duk Kirsimeti sai Colás ya je Oviedo ya sayo kwalba ɗaya, ya ɓare takardar jikinta don kada in gane. Na gane.”

Wannan ban san ko ya ji ba, kuma ban maimaita masa ba. Ta rage ɗan kaɗan, ta juya tambulan ta watsar ta inda leɓenta ya taɓa. Daɓen ya tsotse nan take, kamar ƙasar da ta shekara ba ruwa. Ni ce kusa da ita, amma shi ta miƙa wa.

Da ya sha, ya watsar da nasa, sai ya zaro takardar Xurde daga aljihu, ta yi laushi don yawan buɗewa da ninkewa. Hannunsa ba ya riƙe alƙalami, ni kuwa sai dai in dangwala yatsa. Delfina ta yi aji huɗu a wajen sistocin coci, ita ta rubuta a kan ganga. Ya fara jero gaisuwa kamar mai rubuta wa bishop, ta ce ya taƙaita, ita ba akawunsa ba ce. Abin da aka aika wa Solange bai fi layi uku ba: ta fitar da shanu daga gonar da take matsa, kada ta zuba taki shekara uku, ta gani. Delfina ta ce sunan wa za ta sa a ƙasa. Ya ce, “Ki sa daga 'ya'yan Ceferino.”

Amsa ta zo kafin tuffa ta yi fure, da wani cuku mai wari wanda ni na cinye. Solange ta ce za ta karanta wasiƙar a taro na gaba, ta roƙe shi ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya ce ba ya zuwa, me kurma zai yi da tafi. Delfina kuwa ban ce ta yafe masa ba, in ma ta yafe ba ta faɗa ba. In sun haɗu a gada takan ɗaga masa haɓa, shi ke nan. Bana ya sake rataya reshe. Ni na je. Ita ƙafa ta hana ta, ta aiko da ƙwai.

A satin da aka rubuta wasiƙar nan ya fara cire shingen waya, turke bayan turke, shi kaɗai, sai da ya yi wata guda. Ya naɗe wayar ya ajiye a bakin hanya ga mai so, har yau tana nan. Gonar yunwa a buɗe take ta ko'ina, ciyawa ta kai gwiwa tunda hannunsa ya daina riƙe lauje. Sai dai babu saniya ko ɗaya da ta rage a La Riera. Jiya da la'asar na hango shi tsaye inda shingen yake a da, hannu a baya, yana kallon fadamar Colás.